Ƙwai Mai Barkono

A shekarar da muka daina daka da rana, kaji ne kaɗai suka rage mini.

Tungarmu tana bayan Randagi, inda hanyar babur take ƙarewa daji ya fara. Da can gidaje ne da yawa. Mutanen daji suka ɗauki mijina a gona, suka ɗauki wasu bayansa, sai aka fara watsewa. Wasu suka nufi Tsohon Birnin Gwari, wasu cikin gari, wasu ban san inda suka yi ba. Mijina bai dawo ba. Ba zan yi maganarsa a nan ba.

Mu da muka zauna, ba jarumta ce ta zaunar da mu ba. Uwar mijina, da nake kira Inna, ƙafafunta sun kumbura, tafiya sai da sanda. Akwai Baffa, ƙanen mahaifin mijina, tsoho mai taurin kai. Sai 'yan gidaje irin namu da ba su da wanda za su sauka wa a gari. Dawa kuma tana gona, ta fara tasowa. Muka ce mu jira ta.

Baffa ya tara mu ya faɗi yadda za a zauna. Ya ce duk mai wucewa ya ga kufai. Ba kiran salla, kowa ya dubi rana. Ba turmi, sai niƙa a dutse a hankali. Girki a cikin ɗaki da gawayi, kada hayaƙi ya tashi. Ba share ƙofar gida, ba shanya a kan danga. Ciyawar da ta tsiro a hanya a ƙyale ta. Ba kare. Ba zakara. Ya ce mutanen nan ba sa ɓata mai a kan kufai, amma sun san kazar da aka gudu aka bari ba ta daɗewa, muzuru da shaho suke cinye ta. In suka ji cara, sun san akwai mai ba da tsaba. In sun san haka, za su shigo.

Ran nan aka yanka zakarun tunga. Aka ci nama, ba wanda ya ce ya yi daɗi.

Ni ban ba da nawa ba. Kajina wake-wake ne, masu ɗigon baƙi da fari, iri ɗaya, daga kazar da uwata ta ba ni lokacin da na tare. Suna da kwanci mai kyau, ba sa tashi su bar ƙwai ya huce, kuma na ga ɗaya ta bi shirwa da gudu har ta saki ɗan tsako. Da su nake samun gishiri da sabulu da maganin ƙafar Inna. Kaza ba zakara za ta yi ƙwai, amma ƙwan ci ne, ba ya zama komai. In na ba da zakaran, irin ya ƙare a hannuna.

Maƙwabciyata, 'yar Gbagyi, Kirista, ita ta taɓa nuna mini wata dabara tun ana zaman lafiya, lokacin da ɗanta yake jinya ba ya son hayaniya. Zakara ba ya cara sai ya miƙe wuya. In ka kife shi da gajeren kwando, ka ɗora dutse, zai ci, zai sha, zai kwanta, amma ba zai iya ɗaga kai ba. Haka na yi. Baffa ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwandon.

“Ranar da na ji muryarsa, ba zan yi miki sallama ba. Da wuƙa zan shigo.”

Na ce na yarda.

Da tsakar rana nake rufe ɗaki in sake shi cikin kaji. Ina tsugune kusa da shi, hannuna a buɗe. Kafin zakara ya yi cara sai ya kaɗa fukafukai. Da ya kaɗa nake cafke shi in mayar. Na saba har ba na tunani, hannuna ke yi. 'Yan tsakin da suka fito kuwa ina duba kawunansu kullum. Wanda zankonsa ya fara ja, ya fara gwada murya, in kai wa Baffa. Matan nake bari.

Maƙwabciyar tawa ta tafi tun farko, cikin gaggawa, a bayan babur ɗin ɗan'uwanta. Karyarta ta haihu a ƙarƙashin rumbu. Da aka sa dokar kare, maza suka tafi da uwar da 'ya'yan bayan gari. Ɗaya ya ɓuya ba su gani ba. Ni na same shi a akurkina, ya tura kai cikin kaskon dusa, 'yan tsaki suna tafiya a bayansa. Ja ne, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa gajeru. Ya ɗago ya dube ni, dusa har ido.

Ban taɓa kiwon kare ba. A gidanmu ba a taɓa shi. Na ɗauko shi da tsumma da niyyar kai wa Baffa. Inna tana zaune a bakin ƙofa ta ce in sauke shi ta gani. Ta zungure shi da sanda, ya kama sandar da haƙori yana ja. Ta yi dariya. Tun da aka ɗauki ɗanta ban ji ta yi dariya ba. Sai na sauke tsumman.

Baffa bai so ba. Na ce masa ɗan kwikwiyo ne, bai iya haushi ba, sai ɗan kuka a maƙogwaro. Ya ce zai iya. Na ce ranar da ya iya, hukuncin 'yan zakaru zai hau kansa, ni da kaina zan kai shi. Ya ce gidana ya zama gidan masu jiran wuƙa. Ya tafi.

Ban taɓa ganin halitta mai ƙazanta irin wannan ba. Inda kashin kaji ya fi yawa, nan yake birgima. Ya fito ya shiga toka. Ya fita daga toka ya faɗa kwatami. Ya tone bakin murhu, ya tone gindin randa har ta karkace. Ya tauna igiyar guga, ya tauna bakin faifai, ya cinye rabin takalmin Inna. Duk abin da ya gani a waje sai ya jawo shi tsakar gida: mataccen ɓera, tsohon tsumma, fatar maciji, busasshen kashin saniya. Kuma bai yarda ya yi fitsari a ƙasa ba, sai a kan tabarma.

Inna ce ta fi kowa zaginsa, ita ce kuma take ɓoye masa ɓawon tuwo a gefen zane.

“Ke 'yar nan, zo ki ɗauke mini wannan angon. Ya sake jiƙa mini wurin salla.”

“Angonki ne, Inna. Ke kika ce a sauke shi.”

“To ai ban ga fuskarsa da kyau ba a lokacin. Dube shi, ɗan banza, kamar an tono shi daga juji.”

Tana faɗa tana sosa masa wuya da kan sanda.

Mu ba abin dariya ba ne gaba ɗaya. Duk tabarmar da ya ɓata sai an wanke, duk ƙwaryar da ya lasa sai an ɗauraye, ruwa kuwa a rafi yake, rafin kuma a bakin daji. Kowace ɓarnarsa tafiya ce gare ni. Nakan fita da tulu in tsaya in saurara, in ƙara gaba in tsaya. A bakin ruwa ba na juya wa daji baya. Nakan duba yashi ko akwai sawun taya. Shi kansa ban taɓa yi masa wanka ba. Ruwan bai kai ba, kuma ban ga amfanin wanke abin da zai koma kwatami kafin ya bushe ba. Kaska ta cika masa kunne. Na bar ta.

Kullum kunnena yana wuri biyu, kwandon zakara da bakin kwikwiyo. In ganye ya motsa ya ɗaga kunne, sai in kasa kunne. In ya buɗe baki zai yi hamma, nakan tashi tsaye. Na rame a lokacin, ba don yunwa kaɗai ba.

Sai ƙwai ya fara ɓacewa. Ina tara na kwanci a ƙwarya cikin dusa, waɗanda na tabbata zakara ya hau uwarsu. Da farko na ɗauka ɓera ne. Wata rana na shiga na tarar da shi ya kifar da ƙwaryar, gwaiduwa a gemunsa, ɓawo a warwatse, yana kaɗa wutsiya. Na doke shi da kara. Kashegari ya shiga akurki ya kori kaza daga kan ƙwanta.

Kowa a ƙauye ya san maganin karen da ke shan ƙwai. Na huda ƙwai da ƙaya, na tsiyaye abin ciki. Na niƙa barkono, ƙananan nan masu zafi, na dama da ɗan ruwa da gwaiduwar, na ɗura, na liƙe hujin da ƙullu. Inna ta ce in rage barkonon, yaro ne. Na ce so nake ya tuna. Na kira shi. Ya zo da gudu. A tafin hannuna na miƙa masa.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙarar. Ya fasa, ya haɗiye, ya tsaya, sai ya saki wani kuka mai tsini da ya ratsa tungar gaba ɗaya. Yana gudu yana goga baki a ƙasa yana yi. Na bi shi na danne da zane, ya ci gaba a ƙarƙashin zanen. Watanni ba a ji ƙara irin wannan a wurin ba. Da ya yi shiru, ba abin da ke motsi. Na ga matar gidan da ke kusa ta leƙo ta danga, goyo a bayanta, takalmi a hannu, ta shirya gudu. Muka zauna muna sauraron daji har rana ta faɗi. Ba wanda ya zo.

Baffa ya shigo bai zauna ba. Ya ce in gama da shi gobe. Na ce to. Gobe ta zo ban yi ba, shi ma bai sake tambaya ba, don zazzaɓi ya kwantar da shi.

Maganin ya ci. Ko ɓawon ƙwai ya gani sai ya kewaye. Amma ya daina karɓar komai daga hannuna. In na miƙa masa tuwo sai ya ja baya ya zauna yana kallona. Na Inna kaɗai yake ci, ita kuma ba ta da abin da zai ishe shi. Sai ya fara fita. Ya bi ta ƙarƙashin danga da safe, ya daɗe, ya dawo jikinsa duk ƙaya da laka. Na ɗaure shi, ya tauna igiyar. Na sake ɗaurewa, ya fara kuka, na kwance da sauri.

Wata safiya ina ba 'yan tsaki gara, sai ga shi yana jan wani abu da baya, ya fi ƙarfinsa. Na ɗauka irin tarkacensa ne. Na je zan shure, sai na ji ƙamshi. Ƙashin haƙarƙarin saniya ne. Da nama a jiki, gefe ɗaya ya ƙone, kitsen bai ko daskare sosai ba. Ƙuda bai gama samunsa ba.

A tungar ba saniya. Fulanin da ke kiwo kusa da mu sun tashi tun bara, bayan an kore musu garke. Ba wanda ya ɗora nama a wuta a cikinmu. Kuma na san tsawon ƙafafun kwikwiyon nan. Ba zai je nesa ya jawo wannan ba.

Na naɗe ƙashin a ganye na kai wa Baffa. Yana kwance. Ya tashi zaune, ya juya shi, ya shinshina, ya danna naman da yatsa. Sannan ya ce sun sauka a rafi, ko ƙasa da inda nake ɗiban ruwa. Jiya da yamma na je rafin. Na zauna a ƙasa.

Ya ce yau za a tashi, ba gobe ba. Bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da su. Kowane gida ya bi hanyarsa, kada a yi ayari. A haɗu a Randagi. Na ce dawa fa. Ya ce dawa ba ta gudu.

Ya biyo ni gida da wuƙarsa. Ban yi musu ba. Zakara ba zai tafi a kwando a kan hanya ba, girgiza kaɗan zai sa shi ihu. Na ɗaga kwandon, na riƙe masa fukafukai, Baffa ya yanka. Wuyansa ya riga ya lanƙwashe saboda zaman kwando. Ba lokacin figa. A nan muka bar shi. Baffa ya tambayi inda kare yake. Muka duba ba ya nan, ya sake fita. Ya ce Allah ya raba mu, ya tafi ya shirya.

Kaji da yawa na bari. Na zaɓi mai kwanci da sagaru biyu, 'yan matan kaji. Kowace na tura kanta ƙarƙashin fiffike, na jijjiga ta a hankali har ta yi laushi, na kwantar a kwando na rufe da baƙin zane. Kaza in ta ga duhu ba ta magana. Ƙwan da suka rage na jera a ƙwarya cikin dusa, na ɗaure da tsumma, na goya a baya kamar ɗa. Su ne ƙarshen zakaran. Inna ta ɗauki sandarta da carbi. Ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige, na san abin da take nema.

Ba mu bi hanya ba, gefenta muka bi, ta bakin gonaki. Dawa ta fi mutum tsawo. Inna tana tafiya tana tsayawa. Ba ta yi ƙorafi ba, amma ina jin numfashinta. Mun yi nisa kaɗan sai na ji motsi a bayanmu. Na juya. Shi ne, harshe a waje, yana tsalle. Na jefe shi da hogen ƙasa. Ya bi hogen ya dawo. Na sake jifa, ya ɗauka wasa ne. Inna ta ce in ƙyale shi, jifan ma ƙara ne.

Muna kusa da tsamiyar da hanyarmu ta haɗu da ta rafi sai na ji babura. Ba ɗaya ba. Wanda ya zauna a wurinmu ya san bambancin babur ɗin ɗan acaba da nasu, nasu ba ya rage gudu a rami. Na ja Inna cikin dawa. Muka kutsa 'yan kunyoyi, ba mu samu mun yi nisa ba. Na kwantar da ita a kwari, na sauke kwando, na kwance ƙwaryar daga bayana. Na kamo kwikwiyon na danne shi a ƙarƙashin ƙirjina, hannuna a bakinsa.

Na ce za su wuce. Ba su wuce ba. A inuwar tsamiyar suka kashe injin.

Ina jin su sarai. Ɗaya yana zagin sarƙar babur ɗinsa, yana neman a miƙo masa sifana. Wani ya kunna waƙa a waya, aka ce ya kashe. Warin taba ya iso mu. Muryoyin yara ne yawanci, da ɗaya mai kauri da sauran ke yi wa shiru. Kaji ba su motsa ba. Leɓen Inna yana motsi ba sauti.

Kwikwiyon ya fara rawar jiki. Na ɗauka tsoro ne. Sai na ji wutsiyarsa tana bugun cinyata. Murna yake. Ya san muryoyin. A wurinsu yake cin ƙashi.

Ya fara wannan ɗan kukan na maƙogwaro, yana turo kai. In na matse bakin, kukan yana fita ta hanci. Ba ni da tuwo, ba ni da nama. Abin da ke kusa da hannuna ƙwarya ce. Na zura hannu cikin dusa na ɗauko ƙwai, na fasa shi a tafina a hankali, na kai masa baki. Kare in yana lasa ba ya kuka. Abin da na sani ke nan, kuma a wannan lokacin ban tuna komai ba sai shi.

Ya shinshina. Jikinsa ya sandare. Ya fara ja da baya da dukan ƙarfinsa.

Na ɗauko wani na fasa, na shafa masa a baki ko zai ɗanɗana ya gane ba barkono. Ya ƙara haukacewa. Na kama wuyansa da hannu biyu. Na san yadda ake murɗe wuya, kuma da na yi. Amma hannuwana duk ƙwai ne. Ya murɗa sau ɗaya ya zame kamar kifi, ya bi ta tsakanin karan dawa ya fita.

Na kifa fuskata a ƙasa. Inna ta kama ƙafata ta riƙe.

“Kai, ga ɓarawon nan namu.”

Suka yi dariya. Wani ya ce shi ne ya sace haƙarƙari da safe, ya bi shi bai kama ba. Sai mai kaurin muryar ya yi magana, ba da ƙarfi ba.

“Daga ina ya fito?”

“Daga dawa, Oga.”

“Kare ba ya zama inda ba mutum.”

Na ji an taka busasshen ganye.

“Wane mutum, Oga? Dube shi fa. Kaska har cikin ido. Wari kamar mushe. Wa zai ajiye wannan a gida? Na waɗanda suka gudu ne.”

“Mene ne wannan a bakinsa?”

“Ƙwai ne. Ɗanye ma. Ya sami sheƙar zabin daji, ɗan iska.”

“Je ka duba. In akwai saura ka kawo.”

Na ɗaga ido kaɗan. Ta tsakanin kara ina ganin hanya. Na ga gajerun ƙafafun nan sun juyo wajenmu. Yana gaba, yana waiwaye, yana kaɗa wutsiya, yadda yake yi in yana so in bi shi in ga abin da ya tono. A bayansa takalmin roba, da bakin bindiga yana lilo kusa da gwiwa. Suka shigo kunya ta farko. Kara ya karye. Suka shigo ta biyu. Ina ganin igiyar da aka ɗaure takalmin da ita, shuɗiya ce. Kwikwiyon ya tsaya ya dube ni. Ido cikin ido. Tafina a buɗe yake a ƙasa, gwaiduwa tana bin yatsuna. Ya dubi hannun. Bai ƙaraso ba. Ya ja baya, ya kewaya ƙafar mutumin, ya koma wajen hanya.

Mutumin ya tsaya. Ina jin numfashinsa. Ya tofar da yawu, ya faɗi kusa da kwandon kaji. Daga tsamiya aka ce sarƙa ta ɗauru, ya zo a tafi. Ya ce ba komai a nan sai ƙaiƙayi. Takalmin ya juya.

Na ji ɗan kukan kwikwiyon sau ɗaya, irin na in an ɗaga shi ta wuya. Wani ya ce kada ya hau masa babur da wannan ƙazantar. Mai takalmin ya ce zai wanke shi a rafi, zai raine shi, in ya girma ya yi musu gadi. Aka yi masa tsiya, aka ce ya sami ƙane. Suka tayar da injin. Suka nufi tungarmu.

Ba mu tashi ba sai da ƙarar ta ɓace. Inna ta jiƙa zanenta. Ban nuna na gani ba. Na goge hannuna da ƙasa, na ɗaure ƙwaryar, na ɗora kwando. Da muka waiga daga kan tudu, hayaƙi yana tashi daga inda gidajenmu suke. Sun ga zakaran da jininsa bai bushe ba, sun san da mutane. Amma kowa ya riga ya fita. Baffa ya iso Randagi bayanmu, yana jan ƙafa.

Daga can muka sami mota zuwa cikin gari. Wata mata ta ba mu ɗaki a bayan gidanta, kusa da inda take ɗaure awaki. Na gyara wa mai kwancin wuri a tsohon kasko, na jera mata ƙwan da suka rage. Ta yi kwana biyu tana ƙi, sannan ta hau. Girgizar hanya ta kashe yawanci. Kaɗan suka fito. A cikinsu ɗaya zankonsa ya yi ja. Ranar da ya fara gwada murya na tsinci kaina na riga na cafke shi, ina neman kwando. Matar gidan ta tambaye ni lafiya. Na sake shi.

Inna ba ta ƙara ambaton karen ba, sai rana ɗaya tana cin tuwo ta ɓalle ɓawon ta kai gefen zane, ta tsaya, ta mayar cikin kwano.

Da kaka ta yi, aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi, maza suna shiga da safe su yanki abin da suka samu su fito kafin la'asar. Mata ma suna bi don ɗauri. Baffa ya zo ya ce gonarmu ba ta ƙone ba, in shirya mu je, in na ji motsi ai na san yadda ake kwanciya a dawa. Na ce ba zan je ba. Na ce shi ya yanka, ya ɗauki rabonsa, ya kawo mana abin da ya ga dama.

Ya ce da can ba ni da tsoro haka. Me ya canza?

Na ce yanzu karen ya girma, ƙafafunsa sun yi tsawo, kuma tare da su yake yawo. Mutum zai wuce ni a cikin dawa bai gan ni ba. Shi ya san warina. Ba cizona zai yi ba, da murna zai zo.

Baffa ya miƙe. Sannan ya tambaya ko karen ya san nasa warin. Na ce ya sha kwanciya a kan takalminsa. Ya ɗauki laujensa ya tafi, don shi ba shi da wanda zai yankar masa.